Me ya haɗa murfin tankin mai da wutar cek?

Ranar wata Laraba da yamma na sha mai a wani gidan mai da ke kan baifas ɗin Kaduna, wajen Bakin Ruwa. Ban ma fito daga mota ba. Na miƙa kuɗi ta taga, yaron ya zuba, ya rufe, ya buga bayan motar da tafin hannu alamar in ja. Alhamis lafiya lau. Juma'a da safe na tayar da mota zan kai yara makaranta, sai ga 'yar wutar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji ta tsaya cak a dashbod, wadda kowa a garin nan yake kira cek. Motar ba ta rawa, ba ta tari, muryarta ba ta canza ba. Amma duk wanda ya taɓa biyan kuɗin gyaran Camry ya san yadda gaban mutum yake faɗuwa in ya ga wannan wuta.

Kafin a taɓa motar na samu shawara uku. Maƙwabcina ya ce in cire kan batir na minti biyar in mayar, za ta mutu. Wani abokin aikina ya ce tasa shekara biyu ke nan tana kunne, ya manna mata baƙin salatif, hankalinsa kwance. A garejin makanikai da ke Kurmin Mashi kuwa, yaron da ya fara tarbata ko bonet bai ɗaga ba ya yanke hukunci: fulogi ne, a sa sababbi guda huɗu. Allah ya taimake ni maigidansa yana nan. Ya jona 'yar na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya duba fuskar wayarsa, ya ce, "P0455." Sai ya rabu da gaban motar gaba ɗaya, ya zagaya baya, ya ce in buɗe masa ƙofar tanki. Ashe igiyar robar nan da ke riƙe murfi don kada ya ɓata, ita ce ta naɗe ta shiga tsakanin murfin da bakin tanki, yaron gidan mai ya ɗaure a kanta.

"Alhaji, injinka ƙalau yake," in ji shi. "Tankinka ne yake shan iska."

Na ce, "Injiniya, me ya haɗa kifi da kaska? Wuta ta ce inji, kai ka ce murfi?"

Amsar tana da ɗan tsawo, kuma sai an fara daga halin fetur kansa. Fetur ba ya zama lafiya. Zuba kaɗan a murfin kwalba ka ajiye a rana, kafin ka juya ya gudu ya bi iska. Haka yake yi a cikin tanki dare da rana, ko mota tana tafiya ko tana ajiye, kuma zafi na ƙara masa azama. Motocin da, irin su 504 da kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kakuri a 1975, ba ruwansu da wannan. Tankinsu yana numfashi kai tsaye zuwa waje, tururin ya fita, iska ta shiga. Shi ya sa direban tasha zai yar da murfi a hanyar Zariya, ya cusa leda da tsumma, ya ƙarasa Kano ya dawo ba wata wutar gargaɗi da ta kama a dashbod ɗinsa. Da yawanmu da wannan tunanin muka tashi, cewa murfi abin hana mai zuba ne kawai.

Amurka ce ta sauya lissafin. Tururin fetur in ya haɗu da hayaƙin motoci da hasken rana yakan zama wani irin hazo mai yaji da ke cin ido da ƙirji, wanda ya addabi birnin Los Anjalis shekara da shekaru. Tun farkon shekarun 1970 aka tilasta wa masu ƙera motoci su riƙa kama wannan tururi maimakon su sake shi. Dabarar da suka yi ita ce har yau ake amfani da ita: an rufe tanki ruf, an ja tiyo daga samansa zuwa wani gwangwani cike da gawayi na musamman, wanda makanikai suke kira kanista. Gawayin yana tsotse tururin ya riƙe. In inji ya yi zafi mota ta kama hanya, sai ƙwaƙwalwar motar ta buɗe wani bawul da ke kusa da inji, injin ya zuƙo tururin ya ƙone shi tare da sauran mai. Akwai bawul na biyu a jikin kanistan, wanda yake barin iska mai tsabta ta shigo ta wanke gawayin. Wannan tsari gaba ɗayansa shi ne za ka ga na'urar duba mota ta rubuta EVAP.

Daga motocin 1996 kuma aka zo da tsarin OBD-II, wanda ya wajabta wa kowace motar da za a sayar a Amurka ta riƙa binciken kanta, ta kunna wuta in wani abu da ya shafi hayaƙi ya lalace. Ramin nan mai ƙofofi 16 da Injiniya ya jona na'urarsa, daga nan ya samo asali. A nan ne ruɗanin yake. Wutar da muke kira cek ba ta inji kaɗai ba ce. Ta duk abin da zai sa mota ta gurɓata iska ce, kuma tanki mai yoyon tururi yana ciki.

To yaya mota take sanin murfi bai rufu ba, alhali a yawancin motoci babu wata waya a jikin murfin? Gwaji take yi, irin na mai faci da ke neman inda tib yake sace iska. Sai ta rufe bawul ɗin shigar iska, tanki da tiyo da kanista su zama kamar gora ɗaya rufaffiya. Sannan ta zuƙe iskar ciki kaɗan, ko a wasu motocin ta hura, ta zuba ido a kan wani sensa mai auna matsi. In matsin ya tsaya, ba yoyo. In ya zube da sauri, akwai babbar kafa. In ya zube a hankali, ƙarama ce. Ƙa'idar farko ita ce mota ta iya gano rami mai faɗin inci 0.040, wato kusan milimita ɗaya. Daga baya aka tsananta zuwa inci 0.020, rabin milimita, kamar hudar allura. Wanda ya ji wannan ma'auni ya san 'yar tsaga a robar murfi ta isa ta tayar da ƙara, balle igiya sukutum.

Wasu motocin suna wannan gwaji ana cikin tafiya, wasu sai an kashe su. Motocin Toyota da yawa na tsakiyar shekarun 2000 zuwa gaba suna da ɗan ƙaramin famfo da yake tashi da kansa kamar awa biyar bayan an zare makulli. Kamfanin ma ya rubuta a littafin motar cewa in ka ji ƙara a ƙarƙashinta a wannan lokaci kada ka damu. Don haka maigadin da ya rantse ya ji motar Alhaji tana gurnani ita kaɗai da ƙarfe biyun dare ba ƙarya ya yi ba, kuma ba sai an nemo mai ruƙiyya ba.

Wannan ne ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai, wato dalilin da ya sa na sha mai Laraba amma wuta ba ta zo ba sai Juma'a. Mota ba ta kai ƙara a karon farko. In gwaji ya faɗi sau ɗaya, sai ta rubuta ta ajiye a cikinta, ta yi shiru. Sai ya sake faɗuwa a karo na biyu a jere sannan ta kunna wuta. Kafin nan mai mota ya manta da gidan mai, hankalinsa ya koma kan ramin da ya faɗa jiya a Kabala ko man da yake zargin an gauraya.

Haka kuma kashewar. Mutum zai sayi sabon murfi, ya ɗaura, ya tayar da mota, ya ga wuta na nan, ya ce an cuce shi. Ba haka take aiki ba. Sai gwajin ya yi nasara sau uku a jere kafin wutar ta mutu da kanta, kuma ba kullum gwajin yake gudana ba, yana da sharuɗɗa. A motoci da yawa sai inji ya kwana ya huce, sai zafin gari bai wuce kima ba, kuma sai man da ke tanki yana tsakanin kamar kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari. Sharaɗin ƙarshen nan ne yake kama mu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, mutum nawa ne allurar mansa take ɗagawa daga ƙasa? Ana shan na yau a ƙone yau, wutar rizab ta zama abokiyar tafiya. Motar da kullum tankinta yake a ƙasa tana iya yin makonni ba ta gwada kanta ba, wutar ta ci gaba da zama ko da an riga an gyara abin da ya kawo ta. Zafin Maris da Afrilu ma yakan sa ta ɗage gwajin, don a lokacin man yana tururi da yawa, awon ba zai fito daidai ba.

Lambobin da na'ura take nunawa suna da ma'ana, kuma ba sai ka zama bakanike za ka riƙe kaɗan daga cikinsu ba. P0455 babban yoyo ne, kuma murfi shi ne na farko da ake tuhuma. P0457 a motocin da suke amfani da ita kusan kiran sunan murfin take yi, cewa an bar shi a sake ko ba ya nan. P0442 ƙaramin yoyo, P0456 ƙanƙani sosai. Waɗannan biyun suna iya zama tsohuwar robar murfi, suna kuma iya zama wani wuri can daban. P0441 da P0446 sun fi karkata ga bawul-bawul ɗin nan biyu. In kuwa abin da ya fito P0300 ne, wato inji yana tsallake wuta, ko P0171, iska ta fi mai yawa, ko P0420 ta indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, to ko murfi goma ka saya ba abin da zai canza. Wasu motocin Honda sun sauƙaƙa wa mutane, sukan rubuta saƙo a dashbod cewa a duba murfin mai tun kafin cek ta zo.

Ga wani abu da ban cika jin ana faɗa ba, alhali a kasuwar motocinmu shi ya kamata a fara tambaya: daga ina motar ta fito? Duk tokumbo muna ce mata Beljiyam, amma ba duka ne suka fito daga Turai ba. Turai ta kawo nata tsarin binciken kai ga motocin fetur a 2001, sai dai bai tilasta gwajin yoyon tanki irin na Amurka ba. Saboda haka galibin motocin da aka ƙera don kasuwar Turai suna da kanista da bawul, amma ba sa auna ko tanki yana riƙe matsi. Mai 406 ko Golf da cek ɗinsa ta kama, da wuya a ce murfi ne. Mai Camry ko Corolla ko Accord ko Vibe da aka sauko da ita daga Amurka ko Kanada, shi ne wannan magana ta fi shafa. In manyan lambobin mitar gudunka da mil suke ba da kilomita ba, kuma sitiyarin a hagu yake tun asali, kusan tabbas 'yar Amurka ce. Motar dizal kuwa ba ta cikin lissafin, man gas ba ya tururi irin na fetur.

Duba murfin ba ya buƙatar sifana. Kwance shi, juya cikinsa, ka kalli zoben robar. In ta bushe ta yi tauri, ko ta tsattsage kamar dugadugin da hunturu ya ci, ko ta lotsa ta gefe ɗaya, ta gama aiki. Shafa yatsa a bakin tankin inda robar take zama. Yashi, tsatsa ko lanƙwasa a nan suna hana ta kamawa ko da sabuwa ce. Goge duka biyun da tsumma mai tsabta, ka mayar, ka murɗa har ka ji ƙas. Wasu murafan sau ɗaya suke so, wasu sau uku, kuma yawanci an rubuta a jikinsu. In kana murɗawa yana zagayawa ba ya ƙas, ko yana ƙas tun bai kama ba, haƙoran cikinsa sun cinye. Wasu motocin, kamar Ford na baya-bayan nan, ba su da murfi sam, wani ɗan marfi ne mai sifirin a cikin wuyan tankin, kuma shi ma ƙura takan hana shi rufuwa.

In ta kama a saya, a nan nake da ra'ayi mai ƙarfi. Murfi ba roba da zare kawai ba ne. A cikinsa akwai ɗan bawul da yake buɗewa in matsi ko zuƙa ta yi yawa, don kada tanki ya kumbura ko ya lotse. Na jabu zai hau, zai yi ƙas, ido ba zai ga bambanci ba, amma gwajin rabin milimita zai tona shi. Wanda zai shiga kasuwar kayan mota ta Ori Apata ko Panteka ya tafi da tsohon a hannu, ya faɗi sunan mota da shekararta, kada ya yarda da "duk ɗaya ne, Oga." Ni da a ba ni sabo fil a leda marar suna, gara na asali da aka cire daga wata motar in dai robarsa tana da laushi. Masu sa murfi mai makulli saboda ɓarayin mai ban ga laifinsu ba, wanda aka taɓa zuƙe wa tanki da tiyo cikin dare ya san zafin abin. Sai dai a sani da yawa daga irin waɗannan ba a yi su don motar da take gwada tankinta ba, an yi maganin ɓarawo an gayyato cek.

Idan an sa murfi mai kyau, an yi mako ana hawa da mai kusan rabin tanki, wuta ba ta mutu ba, ko an goge ta ta dawo da lamba iri ɗaya, to yoyon yana wani wuri. Motocin da suka yi rayuwarsu a jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, sukan zo da wuyan tanki da tsatsa ta ci. Tiyon roba yana tsufa ya tsage, ɓera ma yana ci. Bakaniken da ya taɓa sauke tanki ko ya buɗe don canza famfon mai yana iya mayar da robar saman a karkace. Bawul ɗin gaba, na kusa da inji, in ya maƙale a buɗe yana da alamar da ba ta ɓuya: da ka sha mai sai motar ta yi ta jan kiki kafin ta tashi. Na baya kuma, na jikin kanista, ƙurar hunturu da hanyoyin unguwa marasa kwalta sukan toshe shi, sai ka ga famfon gidan mai yana ta katsewa kamar tanki ya cika alhali ko rabi bai kai ba. Hanyar gano waɗannan ba canje-canjen kaya ba ce. Gareji mai kayan aiki hayaƙi yake hurawa cikin tsarin da wata na'ura, a zagaya da tocila a ga inda yake fita.

Akwai kuma ɓarnar da muke yi da hannunmu. Famfo ya katse, mai mota ya ce a ƙara, a cike kuɗin su zama cif. Direbobin haya har jijjiga motar suke yi don ta ƙara ɗauka, sai an ga mai a baki. Sararin da aka bari a saman tanki ba kuskure ba ne, wurin tururi ne. In aka cika shi, ruwan mai yakan bi tiyo ya gangara cikin kanista, gawayin da aka yi don tururi ya jiƙe ya lalace, wani lokaci ya farfashe ya bi tiyo ya toshe bawul. Kuɗin kanista kuwa ya ninka na murfi sau da yawa.

Shawarar maƙwabcina ta cire kan batir tana kashe wutar a motoci da yawa, gaskiya ne, amma mantuwa kawai aka sa wa motar. Da ta sake gwajin sau biyu za ta dawo, kuma an goge shaidar da bakanike zai karanta. Masu sayar da mota marasa tsoron Allah sun san wannan sarai. Wasu ma ƙwan wutar suke cirewa. Wanda zai sayi mota ya murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa, kada ya tayar: dole cek ta fito tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta fito ba sam, an taɓa ta.

Mai salatif fa? A wani ɓangaren yana da hujja. Yoyon tururi ba zai kashe inji ba, ba zai tsayar da kai a Kateri a hanyar Abuja ba, kuma ɗan KASTLEA, wato jami'in kula da titi na jihar Kaduna, ba zai tare ka saboda shi ba, saɓanin jihohin Amurka da dama inda mota ba ta cin gwajin hayaƙi da wannan wuta a kunne. Asarar ita ce ɗan man da yake bin iska, da warin fetur, da ƙura ko ruwan damina da suke iya samun hanya in murfin ya yi sake da yawa. Abin da ya fi damuna daban ne. Wutar ɗaya ce tak, laifuffukan da take kawo ƙararsu kuwa ɗaruruwa ne. Ranar da kwayil mai ba fulogi wuta ya mutu ko sensan salansa ya lalace mota ta fara shan mai kamar rijiya, ba wata sabuwar wuta da za ta zo, wadda aka rufe da salatif ɗin ce dai. Kuma tana da yare biyu. In ta tsaya cak, a duba cikin 'yan kwanaki. In tana ƙiftawa, inji yana tsallake wuta sosai, ɗanyen mai yana zuba cikin salansa yana dafa indomi. Wannan ba maganar murfi ba ce, a rage gudu a nemi wuri a tsaya.

Injiniya ya zare igiyar, ya goge robar da gefen rigar aikinsa, ya duba ta a hasken rana, ya ce ba ta mutu ba. Ya ɗaura, ta yi ƙas. Ya ɗauko waya zai goge lambar, na ce ya bari, ina son in ga ko motar za ta gane da kanta. Ya leƙa allurar mai, ya ga ta kusa rabi, ya ce to ta isa. Asabar wuta na nan. Lahadi tana nan, har uwargida ta fara tambaya ko dai a koma a sa fulogin nan. Litinin da safe na murɗa makulli, fitilu suka kama gaba ɗaya, inji ya tashi, suka mutu gaba ɗaya, har da ita.